Ɗigon da Maigida Bai Kunna Ba

Maigidana mai gyaran rediyo ne, amma a shekararsa ta ƙarshe kaji suka shiga ransa. Ya ɗauki mataccen firij ya mayar da shi akwatin ƙyanƙyasar ƙwai. Ya sa fitilu biyu da ƙaramar fanka da wani ɗan allo mai wayoyi, bai kai akwatin ashana ba, yana kiransa ƙwaƙwalwa. Da kwamfuta yake rubuta mata umarni. Ni aikina in leƙo in ce abinci ya huce.

Ya zuba ƙwai arba'in ranar Talata, ya rasu ranar Juma'a.

Sai da masu gaisuwa suka ragu na shiga ɗakin aikinsa. A jikin ƙofar firij na ga lambar zafi tana haske da jan rubutu: 375. Aji huɗu na yi a makaranta, amma na san a ɗari ruwa ke tafasa. Na ce shi ke nan, aikinsa na ƙarshe yana dahuwa! Na fizge waya daga bango, na kwashe ƙwan da hannuna. Hannun bai ƙone ba, ban kuma tsaya tambayarsa ba. Na wanke su da ruwan sanyi, na jera a faranti, ina fifita ina kuka.

Washegari ƙaninsa Dogo, mai gyaran waya, ya zo ya tarar da su.

"Matar Yaya, jinyar ƙwai kika koma?"

"Ceto su na yi, sarkin surutu. Ɗari uku da saba'in da biyar!"

Ya dafe kai. "Talatin da bakwai da rabi ne. Daidai zafin cikin kaza."

"To ina rabin?"

"Ƙwaƙwalwar ƙarama ce, lissafin rabi da kwata yana cinye mata wuri. Shi ne Yaya ya sa ta riƙa ninka lambar sau goma. Akwai ɗigo tsakanin bakwai da biyar, layi ɗaya ya rage ya rubuta ya kunna shi."

"Me ya hana shi?"

"Shi ai ya san inda ɗigon yake. Bai zaci wani zai karanta ba."

Can ya ce zai ɗauko kwamfutar ya gyara. Na ce kar ya taɓa masa rubutu. Na ɗauko jan farce na ɗiga a kan gilashin lambar da kaina. Da farko bayan uku na ɗiga, sai da Dogo ya yi dariya har da hawaye.

Muka mayar da ƙwan. Sati biyu ina juya su safe da yamma, ina ba su haƙuri ɗaya bayan ɗaya.

Tara suka fito. Sauran talatin da ɗaya na binne su bayan ɗaki, ban bar kowa ya taya ni ba. Cikin taran akwai wani ɗan zakara mai tafiya a karkace, in na zuba hatsi shi nake fara ba wa.