Wayar da Inna Bara'atu Ta Soka

Inna Bara'atu ta ture hannun maigadi ta kutsa cikin ofishin rajistar manoman rani na Goronyo. Kwana uku ke nan da Malam Zayyanu, shugaban ofishin, ya kore ta daga aikin shara a gaban layin mutane, wai ita ta kashe kwamfutoci. Shekara goma sha ɗaya tana share ɗakin nan, ko allura ba ta taɓa ɓata ba, amma yanzu har a kasuwar albasa ana nuna ta da baki.

"Zayyanu, hito ka hwaɗa mini mi niy yi!"

"Gwaggo, don Allah ki yi haƙuri, muna da baƙuwa."

Baƙuwar wata matashiya ce, Mahbuba, injiniyar da aka turo daga Sakkwato. Tana durƙushe gaban akwatin ƙarfen da wayoyin kwamfutocin duka ke haɗuwa a cikinsa, fitilunsa na ƙifce-ƙifce kamar an tsokano gidan rina. Ta bi wata shuɗiyar waya da yatsa, sai ga kai da gindinta duk a jikin akwati ɗaya.

"Wa ya soka wannan?"

Bara'atu ta gyara mayafi.

"Ni ce. Ranar Litinin na ishe ta yashe ƙasa, ana taka ta. Na ga rami daidai bakinta, nis soka. Ko gidanku ana barin igiya ƙasa, ɗiyata?"

"Kin ji ko!" in ji Zayyanu. "Da bakinta!"

Mahbuba ba ta kula shi ba. Ta zare wayar, nan take fitilun suka lafa. Daga ɗakin gaba wani ma'aikaci ya ɗaga murya, "Kwamfutoci sun dawo!"

Bara'atu ta sunkuyar da kai. Ashe dai hannunta ne. Ta zo da faɗa cike da baki, ga shi gaskiya tana neman juya mata baya.

"Inna, zauna ki ji," in ji Mahbuba. "Akwatin nan kamar mai shela yake. In aka ba shi saƙo, sai ya faɗa ta kowace ƙofa. Da kika haɗa ƙofa biyu, muryarsa ta riƙa dawo masa, shi kuma ya ɗauka sabon saƙo ne, ya sake shelantawa. Haka ya yi ta yi har ba mai jin kowa."

"To ai wawa ne."

Mahbuba ta yi dariya. "Ba a koya masa ba ne. Akwai tsari a cikinsa, muna ce masa STP, da ke sa ya gane hanya ta zagayo, ya rufe ƙofa ɗaya da kansa. A kashe na same shi. Malam, wa ya haɗa muku?"

Zayyanu ya sosa ƙeya. Wani ƙanen matarsa ne mai gyaran wayar hannu, Zayyanu ne ya kawo shi don aiki ya yi sauri.

Mahbuba ta jona kwamfutarta, ta yi 'yan danne-danne ta kunna tsarin, sannan ta miƙa wa Bara'atu shuɗiyar wayar.

"Mayar da ita inda kika sa ta."

"A'a! Maciji bai sarana sau biyu rami guda."

"Ni na ce ki sa."

Ta karɓa ta soka. Fitila ɗaya ta koma ruwan lemo ta tsaya cak, sauran suka ci gaba da harkarsu. Ba abin da ya mutu.

"Ba hannunki kaɗai ba ne, Inna. Ko wa ya soka, da haka za ta faru. Haka zan rubuta."

Zayyanu ya matso, ya sassauta murya. "Gwaggo, gobe ki dawo bakin aikinki. Magana ta wuce."

"Nan ciki kak kore ni?"

Ta riga shi fita, ta tsaya a baranda gaban manoman da suka yi layi, wasu tun daga garin Shinaka suka zo. Ya biyo ta yana jan ƙafa, ya yi 'yar maganar ban haƙuri a maƙoshi.

Bara'atu ta kara tafin hannu a kunne.

"Ban jiya ba, Zayyanu. Na tsuhwa. Ɗaga murya kamar ta ran nan."