Yatsu Goma na Goggo Lua

"Kar ki danna, Goggo, ni zan danna miki," in ji Malama Diem.

Ta kama manuniyar Goggo Lua ta dama, ta goga a jar tawada, ta ɗora a ƙasan takardar, ta mirgina a hankali. Da ta ɗaga, duk muka leƙa. Jan tabo ne kawai, sumul, kamar an ɗiga miya. Babu layi ko ɗaya a cikinsa.

"Wannan ai ba dangwale ba ne," in ji Phat daga bakin ƙofa. "Ko kare ya taka haka zai fito."

Phat ɗan wan Goggo Lua ne, shi kaɗai ya rage mata a dangi. In ta tafi babu wasiyya, gidan nasa ne, da shagon cuku da ke gabansa, kuma duk lungunmu an san ya riga ya kawo wani mai gina otal ya auna faɗin ƙofar. Takardar da ke kan faranti a cinyar Goggo cewa ta yi gida da shago na Anti Suong ne, wadda ba dangin kowa ba ce, sai dai shekara talatin da ɗaya suna kwana ƙarƙashin rufi ɗaya.

Ni katanga ce kawai tsakaninmu da su. Acaɓa nake yi, ni na ɗauko Malama Diem daga ofishin masu shaida takardu, aka ce in zauna in zama shaida. Zaman kuwa shi ne ban iya ba. Abin da ya fitar da ni daga makaranta tun ina aji bakwai ke nan.

"Sang, daina kaɗa ƙafar nan, kana girgiza min gado," in ji Goggo Lua. Muryarta ta koma kamar ta jaririn mage.

Malama Diem ta ɗauko takardar gwaji, ta kama manuniyar hagu. Tabo. Babban yatsa. Tabo. Ta kawo hannun kusa da idonta, ta juya shi a hasken taga.

"Goggo, me ya sami hannun nan?"

"Kashu," in ji Anti Suong. Ta miƙa nata tafukan, su ma haka suke, suna sheƙi kamar bayan cokali. "Shekara ashirin da biyu muna fasa ɓawo a rumfa ɗaya a lardin Binh Phuoc. Man ɓawon nan cin fata yake. Safar hannu kuwa rage sauri take, wa zai sa?"

Da suka baro can suka zo nan birnin Saigon, abin da suka sani a duniya kashu ne kawai. Wata mai hidima a ɗakin ibadar unguwarmu ta nuna musu yadda ake jiƙa shi, a niƙa, a bar shi ya yi tsami, a ɗaure a ƙyalle, a shafa gishiri, a riƙa juya shi kowace safiya har sati shida, sai farar fumfuna ta lulluɓe shi. Cuku ke nan babu nono. Masu ƙaurace wa nama don ibada ranar ɗaya da ranar sha biyar ga wata su suka fara saye, daga baya Turawa suka gano lungun. Ko a ranar, warinsa na shigowa ɗakin daga baya, yana gauraya da na magani.

Yatsa na shida. Na bakwai. Numfashin Goggo ya fara ja, tana tsayawa a tsakani, mu ma mu tsaya da ita. Likita ya ba da takarda da safe cewa hankalinta na nan. Bai rubuta har zuwa yaushe ba.

Na goma shi ne ɗan autan hagu. Malama Diem ta daɗe tana kallon abin da ya fito, sannan ta rufe akwatin tawadar.

"Ba zan iya sa hatimina a kan wannan ba. Ko yaro zai rushe shi a kotu. Sai na koma na tambayi shugabana, in dawo Litinin."

Ranar Juma'a ce. Babu wanda ya kalli gadon.

"To na ƙafa fa?" na ce. "Da ƙafa dai ba ta fasa kashu ba."

"Hannu aka ce, ba ƙafa ba," in ji Malama Diem.

"A yi komai bisa ƙa'ida," in ji Phat. "Ni abin da na ce ke nan tun farko." Amma ƙasa yake kallo.

Malama Diem ta sa biro a jaka, ta sake fito da shi. "Sai dai in za ta rubuta sunanta da hannunta. Shi kam ya wadatar."

"Ba ta taɓa riƙe biro ba," in ji Anti Suong. "Dukkanmu biyu."

"Wa ya ce ki faɗa wa duniya?" in ji Goggo Lua. "Tsohuwar banza."

"Ke ce tsohuwa, da wata huɗu kika girme ni."

"A rubuta mata ta kwaikwaya mana," na ce. Malama Diem ta rubuta a takarda ta miƙa. Goggo ta ƙura ido, ta girgiza kai. Idon ya riga ya dushe, ƙananan baƙaƙe tururuwa ne a wurinta.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ratsa ta cikin shago na fita lungu, na taka sirdin babur ɗina, na kama allon da ke saman ƙofa. Katako ne mai tsawon hannu biyu, an rubuta sunanta da farin fenti, kowane harafi ya kai girman kan mutum. Ƙusoshin sun yi tsatsa. Na fizga, ɗaya ta yage min tafi, mai sayar da shayin ƙanƙara tana ihu daga tsallake, "Kai Sang, ta mutu ne?"

Na shigo da shi a karkace, na tsaya a ƙarshen gado, na ɗaga shi daidai fuskarta.

"Wannan ne sunana?" ta ce.

"Shekara tara kina wucewa ta ƙarƙashinsa, Goggo."

"Na ɗauka cuku aka rubuta."

"Cukun na sama ne. Na ƙasan nan, haruffa uku, ke ce."

Malama Diem ta sa mata biro tsakanin yatsu. Ya zame. Fatar ba ta riƙe komai, ga tawada. Anti Suong ta ciro ƙyallen ɗaure cuku daga aljihu ta naɗe biron da shi, sannan ya zauna.

"Kada wanda ya taɓa hannunta," in ji Malama Diem. "Ko da ɗan yatsa."

Harafin farko sanda ce a tsaye da wata a kwance. Ya ci mata kusan minti biyar. Ta ɗago ta kalli allon, ta sunkuya, ta sake ɗagowa.

"Yana rawa," ta ce. "Kai mara zama, tsaya."

Na tsaya. Jini na bin hannuna zuwa gwiwa, kafaɗuna sun ɗau wuta, sauro ya sauka a wuyana ya sha ya ƙoshi. Ban taɓa sanin katako na da nauyi haka ba.

Na biyu kamar kofi yake. Ta sauka da layin lafiya, wajen hawowa biron ya kauce ya yi gefe, ta dawo da shi. Anti Suong ta cusa bakin rigarta a baki tana cizo.

A na uku ta ja sanda ɗaya ta hau, ta ja ta biyu ta sauko, sai kanta ya faɗa kan matashi. Idon ya rufe. Biron na nan a hannunta, tsininsa a kan takarda. Na ƙirga a zuci har goma sha huɗu kafin ƙirjinta ya sake ɗagawa.

"Yaya," in ji Anti Suong. "Yaya Lua."

Fanka na juyowa, tana ɗaga gefen takardar, tana neman zare ta daga ƙarƙashin biron. Malama Diem ta kalli agogonta.

Sai na ji takun Phat. Ya wuce ta bayana, ya kashe fankar. Ya durƙusa a gefen gado, hannayensa a baya kamar ɗan makaranta, ya kai bakinsa kusa da kunnenta.

"Goggo. Ni ne, Phat. Saura ƙaramar sanda ɗaya a tsakiya. A kwance."

Idon ya buɗe kaɗan. Ta kalle shi ta daɗe.

"Ka yi ƙiba," ta ce.

Ta ja sandar. Ta zarce ta fita ta ɗaya gefen, amma ta ja ta.

Malama Diem ta buga hatimi. Da aka miƙo min biro in sa hannu, sai da Phat ya karɓi allon, don hannayena sun ƙi saukowa. Nawa rubutun bai fi nata kyau ba. Phat ya jingine allon a bango, ya fita, bai yi wa kowa sallama ba.

Goggo Lua ba ta sake cewa komai ba. Washegari da hantsi ta cika, Anti Suong na ɗakin baya tana juya cuku, don ko ranar ba a tsallakewa. Uwata ce ke zaune a bakin gadon. Ta ce numfashi ɗaya ne ya fita, na bayansa bai zo ba.

Kwana uku akwatin gawar yana tsakiyar shago, turare na tashi, masu saye suna zuwa su tarar da farin ƙyallen makoki ɗaure a kan mutane, su koma. Phat ya zo kullum, ya tsaya a inda dangi ke tsayawa.

Ranar da aka dawo daga binne ta, na aro tsani da guduma don in mayar da allon saman ƙofa. Anti Suong ta riƙe min ƙasan tsanin da hannu biyu, ta ɗaga kai tana ƙifta ido a rana.

"Ya karkace," ta ce. "Ɗaga hagu kaɗan."

Na ɗaga.

"Kaɗan na ce."