Tukwicin Akushi

"Isufu! Kana nan, ko kai ma ka bi motar kamiyon zuwa Abijan?"

Muryar ta ratso darni da ƙyar. Isufu ya ajiye igiyar da yake tufka, wadda ba mai sayenta a shekarar nan, ya zagaya gidan maƙwabcinsa Rabo.

Rabo na kwance a zaure bisa tabarma. Wata biyu ke nan tari na cin sa. Likitan Buza ya ba shi ƙwayoyi ya ce a mai da shi gida Tama ya huta, kowa kuwa ya gane karatun. A gefensa akwai akushi rufe da faifai, cikinsa dafaffiyar anza, 'ya'yan itacen daji masu ɗaci da ake ci lokacin yunwa.

"Loma biyu na iya ci," in ji Rabo. "Anza ta. Kwana biyar Kulu na jiƙonta tana sake ruwa, har ɗacin yah hita. Da la'asar za ta zo ɗaukar akushi, ni ko ba ni da abin sawa ciki."

Duk Tama an san wannan hali na Rabo. Tun da ya auri Kulu, shekara talatin da ɗaya, bai taɓa mai da mata akushi wofi ba. In ya ci ya wanke hannu, sai ya jefa wani abu ciki ya rufe: ɓarin goro, dabino ɗaya, magarya, wani lokaci allura. Tukwici dai irin wanda ake ba ɗan aike, shi matarsa yake ba. Maza sun yi masa dariya har sun gaji, kuma shugaban masu dariyar shi ne Isufu.

"Shekaranjiya na sa goron ƙarshe. Jiya maɓallin rigata. Yau sai kai. Tahi ka samo min aduwa, ko ukku ta. Tana son ta."

"Aduwa cikin bazara? A shekarar da mutane sunka cinye har ganye? Rabo, kana hwama da ranka kana zancen tukwici! Matakka ta hwa. Dahuwa aikinta na."

Rabo ya yi tari mai tsawo, ya share baki. "Ruwan sama ma aikinsu na su zuba. Bana da sunka ƙi, ka ga yadda gari ya koma."

Isufu ya miƙe. Ya ɗauki sandarsa ya fita.

Ya bi ta gidajen da aka toshe ƙofofinsu da ƙaya, masu su sun tafi neman abinci kudu. Ya sauka fadama, inda garakan albasa suka bushe, rijiyoyi suka koma ramuka. Kowace aduwa ya je, an riga shi. Yana tafe yana mita, amma ba Rabo ne a ransa ba, Saude ce, matarsa da ta rasu shekara biyu da suka wuce. Shekara ashirin da shida tana ajiye masa tuwo, abin da ya fi faɗa mata shi ne gishiri ya yi yawa. Wata rana ta ce masa, kamar da wasa, "Yau Kulu dabino tas samu." Ya ce, "To, ki koma gidan Rabo mana." Ta yi dariya. Ba ta sake tayar da zancen ba har ta bar duniya. Yau ne dariyar nan ta fara yi masa ciwo, ciwo kuwa na gaske.

Sai bayan azahar ya sami wata tsohuwar aduwa can gindin dutse, a bakin ƙorama. 'Ya'ya kaɗan ne suka rage a ƙololuwa, sun yanƙwane. Ya yi ta jifa da sanda, tsoho da shi, ƙaya ta yage masa hannu da riga. Huɗu suka faɗo. Ya zuba a aljihu ya juyo da sauri, inuwa tana ta tsawo a gabansa.

Bai kai bakin gari ba ya jiyo salatin mata.

Da aduwar a aljihunsa Isufu ya tsaya aka yi wa Rabo wanka, aka yi salla, aka kai shi makwancinsa. Mutanen ba su cika sahu biyu ba. Da aka watse, rana ta yi ja, Isufu ya koma zauren. An naɗe tabarma an jingine. Akushin yana nan inda ya bar shi, ba wanda ya taɓa. Kulu na zaune a ƙofar da ke shiga cikin gida, ta lulluɓe kanta da zane.

"Kulu, sai haƙuri."

"Haƙuri sai na Ma'aiki." Ta nuna akushin. "Ya ce kar in ɗauka sai ka dawo."

Isufu ya durƙusa. Ya ɗaga faifan, ya jera aduwa uku a gefen anzar da ta saura, ya rufe, ya miƙa mata da hannu biyu. Ta karɓa ta buɗe, ta daɗe tana dubawa. Da ta ɗago, ba shi ta kalla ba, wurin da tabarmar take ɗazu ta kalla.

"Na gani, maigida," ta ce. "Allah shi amhwana."

Ta shige da akushinta.

Gidan Isufu babu hayaƙi, babu motsi. 'Ya'yansa maza suna Abijan, macen tana aure a Bangi. Yana neman carbi a aljihu sai ya ji aduwa ta huɗu. Ya tsaya riƙe da ita a tsakar gida. Can ƙarƙashin rumbu akushinsa yake a kife, tun ranar da Saude ta kwanta. Ya jawo shi, ya kaɗe gizo-gizo, ya goge da bakin rigarsa. Ya sa aduwar a ciki, ya nemo tsohon faifai ya rufe, ya ajiye a ƙofar ɗakinta, daidai inda ya saba turo shi da ƙafa.

Sannan ya zauna a gefe. Aka kira magariba, bai tashi ba.