Ranar da Baba Mudi Ya Durƙusa wa Fijo

Da aka zo shimfiɗa kwalta a Unguwar Ɗorawa, wani ƙauye tsakanin Funtuwa da Malumfashi, ta tsakiyar gonar Baba Mudi ta bi. Gida ya koma gabas, auduga ta koma yamma. Bai yi gardama ba, ya ce hanya alheri ce, wanda ya tare ta ya tare wa kansa. Abu ɗaya ne bai taɓa shiga kansa ba, wai shi da furfurarsa zai tsaya a bakin gonar ubansa yana jiran wani yaro ya wuce.

Shi a saninsa, in babba da yaro suka haɗu a turba, yaro ne ke ratsewa cikin ciyawa, ya tuɓe takalmi, ya gaishe shi. Haka aka yi masa tarbiyya, haka ya yi wa na gabansa shekara sittin da ɗoriya. Da turbar ta zama baƙa, ya duba direbobin ɗaya bayan ɗaya, bai ga wanda ya kai sa'ar ƙaramin ƙanensa ba. To, ina zancen yake? Sai ya riƙa ɗaga sandarsa sama, ya sa kai, ba ya duban hagu balle dama.

Abin da ya ƙara ɗaure masa gindi shi ne direbobin wancan lokacin sun san shi. Lamidi, Bayaraben da aka haifa a Funtuwa, mai jan motar auduga, tun daga nesa yake sassauta ƙafa, ya leƙo ta taga.

"Baba, an fito? A tsallaka lafiya."

"Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Ka gaida babanka Ayinde, ka ce ina nan ina jiran gorona."

Matarsa Hajjo ce kaɗai ke mita. "Malam, ƙarfe bai san tsoho ba."

"Ƙarfen shi ke tuƙa kansa? Ai ɗan mutane ne a ciki."

Ana haka kuɗi suka ɓarke a ƙasa, kowane ɗan kama-wuri-zauna ya zama Alhaji. A cikinsu har da Alhaji Shitu, ɗan ƙauyen, wanda jiya-jiya yake ɗinkin buhu a fulotin auduga inda ake awo, yau shi ke sayen audugar. Ya gina gida a Funtuwa, ya sa haƙorin Makka, ya kafa wa ƙauye famfo ɗaya da ba ya kawo ruwa sai da damina. Tun daga nan in ya yi tari sai an ce masa hikima ce. Ya sayi Fijo fara, ya danƙa wa ɗansa Maharazu makulli, yaron da gemu bai gama yanke shawarar fito masa ba.

Ranar wata Laraba da hantsi Baba Mudi ya ɗora wa jakinsa auduga, ya kamo hanyar gida. Ya iso bakin kwalta, ya ɗaga sanda kamar kullum, ya shiga. Ya ji ham ɗin mota daga wajen Funtuwa, ya ɗauka gaisuwa ce. Sai ƙarar birki. Farar Fijon Maharazu ta goge jakin, ta hankaɗe tsohon, ta karkace ta faɗa kwalbati. Auduga ta watse a kan titi. Baba Mudi ya tashi zaune yana dafe da gwiwa, jini na bin ƙaurinsa, hularsa can gefe.

Kafin ka ce kwabo ƙauye ya fito. Ya ga mutane na gudu sun nufo shi, har ya fara shirya abin da zai ce, cewa a bar yaron, kuskure ne, kada wanda ya taɓa shi. Sai suka wuce shi. Wallahi suka wuce shi, suka yi wa motar zobe. Wani na shafa fitilar da ta fashe yana salati, wani na cewa irin wannan sai an aika Kaduna. Manyan magidanta masu 'ya'ya da jikoki suka tuɓe riguna suka shiga kwalbati suna turi, kowa na so Maharazu ya ga fuskarsa.

Maharazu ya fito yana huci, da wani wando mai faɗin ƙafa da baƙin tabarau.

"Wane mahaukacin tsoho ne wannan? Titin gidanku ne?"

Baba Mudi ya ɗaga kai ya dube shi. Ranar sunan yaron nan shi ya yanka ragon, don a lokacin Shitu ko wuƙar kirki ba shi da ita.

"Maharazu, ni kake tambaya? Ka hango ni da sanda a sama, me ya hana ka tsayawa?"

"In tsaya? Don wa?"

Tsohon ya waiwaya yana neman wanda zai tsawata wa yaron. Kowa ya sami abin kallo a ƙasa.

Mai unguwa Lawal ya iso yana gyara rawani. Shi ma motar ya fara dubawa, sannan ya ja Baba Mudi gefe, ya rage murya.

"Baba, zamani ya canza. Titi na mota ne, kai ka shigar musu. In Alhaji ya ji, kai ma ka san wa ke awon audugar garin nan. Ka ba yaron haƙuri, magana ta mutu a nan."

"Lawal, ƙafata ce ke jini."

"Na gani, Allah ya sawwaƙe. Ai durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne."

Baba Mudi ya dubi jama'ar. Babu gidan da bai je wa suna ko jana'iza ba a cikinsu, kuma ga su duka sun zuba masa ido, ba kunya ba tsoron Allah, suna roƙonsa da fuska ya yi abin da aka ce don a sayi audugarsu da daraja. Da ya san haka ne, da ya gwammace motar ta bi ta kansa.

Ya dogara sandarsa, ya taka zuwa gaban motar. Gwiwar ta ƙi lanƙwasuwa, sai da ya dafa ƙarfen gaba sannan ya kai ƙasa.

"Ka yi haƙuri. Ni na shigar maka hanya."

Maharazu ya bar shi a nan har sai da ya gama goge tabarau da gefen riga.

"Shi ke nan, tashi. Na yafe. Gobe ka riƙa dubawa."

Jama'a suka sauke ajiyar zuciya. Aka fitar da mota, yaron ya tayar da ita ya bi ta kan audugar ya wuce. Baba Mudi na nan durƙushe yana ƙoƙarin miƙewa lokacin da ya ji mai unguwa a bayansa yana ce wa mutane, "Kai, Alhaji ya iya tarbiyya. Da wani yaron ne, da sai an je ga hukuma."

Aka amsa masa da "Ƙwarai kuwa."