Hannun Yaya a Kan Batir

"To, in injiniyar kamfanin ta zo, ka yi mata ƙaryar kai kaɗai. Ni kada ka sa bakina."

"Wa ya ce ƙarya? Cewa na yi ki yi shiru. Shirun ma aiki ne?"

"Idan ta tambaye ni fa?"

"Ki ce kina kicin!"

Maigidan ya dire kofin shayi har ya fantsalo a kan tebur. Ta tagar falo ana hango abin da ya haɗa shi da matarsa: farar motar lantarki, tsaye a tsakar gida tun jiya da safe, ta ƙi tashi. Kuɗin sallamarsa kaf ya zuba ya saye ta bayan ya ajiye aiki. Haya yake yi da ita, ita ce cefanen gidan. Irin sababbin nan ce da ko sunan kamfaninsu sai mutum ya gyara harshe, kuma duk garin wurin gyaransu ɗaya ne tak. Ranar da aka miƙa masa makulli sai da aka ja masa kunne cewa duk bakaniken waje da ya sa mata hannu, garanti ya tashi, kamfani ba ruwansa.

An kuwa sa mata hannu, hannun ma na yayan matar, tsohon bakaniken da duk layin ke kira Yaya. Ga shi can a kujerar lungu, jakar sufanu a cinya. Ya dawo ne yau ya ga abin da 'yan kamfani suka sani da shi bai sani ba.

Jiya da ƙanwarsa ta kira shi, yana zuwa ya ce a tura. Aka kirawo mai shago da mai wanki da maƙwabta, ƙarti suka yi ta nishi, mota ko gezau, tayoyi a kulle. Sai Yaya ya ɗaga bonet zai duba inji, ya tarar da wurin ajiye kaya da lemar ruwan sama a ciki. Waɗanda suka leƙo ta katanga sun ce ya daɗe yana kallon lemar nan. Can ya ɓalle wata roba ya gano ɗan ƙaramin batir, fuskarsa ta washe kamar ya ga ɗan'uwa a baƙon gari. Ya kwance kan batir, ya kankare shi da wuƙa, ya mayar ya ɗaure. Mota dai shiru.

Ana cikin wannan cacar baki aka ƙwanƙwasa ƙofar gida. Injiniyar kamfani ce, yarinya siririya da kayan aiki a jiki da kwamfuta a hammata. Ta gaishe su da ladabi, duk suka bi ta tsakar gida.

"Baba, akwai wanda ya duba ta kafin in zo?"

"Babu," in ji maigidan, yana kallon ƙasa.

Ta sa safar hannu, ta ɗaga bonet, ta ɓalle robar nan. Ta ɗan jima a sunkuye.

"Ikon Allah. Wannan kan batir ɗin ƙyalli yake kamar za shi biki."

Maigidan ya harari matarsa. Baiwar Allah ta yi ƙoƙari, a faɗi gaskiya, har leɓenta ta ciza. Amma ita magana ba ta kwana a cikinta.

"'Yata, Yayana ne. Da wuƙar yanka albasata ma ya yi. Kuma an tura ta, mai wanki har ƙugunsa ya riƙe."

Maigidan ya matso kusa da injiniyar. "'Yata, ki rufa mini asiri. Ita ke nan gare ni."

Injiniyar ta juya wajen Yaya, ta nuna wasu wayoyi masu kauri, ruwan goro, can ƙasa.

"Baba, waɗannan fa? Ka taɓa su?"

"Na nufe su," in ji Yaya da ƙasaita. "Sai wannan ta dame ni in zo in sha shayi kada ya huce. Da na koma ai da kin tarar da mota na tafiya."

"Mama, shayinki ya yi rana," in ji yarinyar a hankali. "Wutar da ke cikin wayoyin nan ba ta barin mutum ya yi ko ihu."

Matar ta yi salati, ta zauna a kan bokitin wanki da ke kife. Ta kalli yayanta tun daga hula har takalmi, ta miƙa hannu ta riƙe gefen rigarsa. Ya fizge.

Injiniyar ta auna batirin, ta gyaɗa kai. Ashe tun daga masana'anta ya zo da lahani, kuma ta ce ba su ne na farko ba, kamfani ya canja wa masu mota da dama kyauta. Ta ɗauko sabo a motarta ta ɗaura, ta jona kwamfuta, ta ɗan danne-danne. Fitilu suka kama, allon gaban sitiyari ya kawo haske. Maigidan ya kasa kunne yana jiran ƙara, sai ya tuna ita ba ta yi.

"Garantin fa?" in ji shi.

"Yana nan daram, Baba. Turin bai motsa ta ba. Shi kuma abin da wannan Baban ya yi, bai gyara ba, bai ɓata ba. Ko a rahotona ba zan sa ba, babu abin rubutawa."

Maigidan ya fashe da dariya, idonsa taf da ƙwalla. Ya shiga sa mata albarka, ita da iyayenta da kamfanin da ɗazu yake tsine wa. Matar ta miƙe za ta ɗora ruwan shayi.

"Babu abin rubutawa?" in ji Yaya.

Duk suka waiwayo.

"Yarinya, tun kafin a yaye ki nake kwance kan batir. Ki rubuta. Ki ce na taɓa."

"Yaya, don girman Allah!" Maigidan ya shiga tsakaninsu yana haɗa hannuwa.

"Ba da kai nake ba. Da hannuna na kankare shi, ke da bakinki kika ce yana ƙyalli. Ki rubuta sunana, in kamfanin naku na da tambaya su neme ni a gareji."

"Baba, ka yi haƙuri," in ji ta, tana naɗe wayar kwamfuta. "Wallahi ko da yaro ne ya yi, ba a rubutawa."

Matar ta toshe baki da mayafi, amma kafaɗunta suka tona mata asiri. Yaya ya dube ta, ya dubi motar da ke kunne ba ko tari, ya rataya jakar sufanunsa.

"Yaya, shayin fa?"

"Ki ba motar."

Ya fita ya banko ƙofar, har sakatar ta yi tsalle.