Taken Baba a Ƙarƙashin Goge

Har yau in na tuna Yaya Maidaji, raina ɓaci yake yi.

Ubanmu Tankari makaɗin kalangu ne a Fagge. Ni na zo birnin Guangzhou na ƙasar Sin karatun kiɗa, shi kuwa Yaya ya riga ni zuwa, ya buɗe shagon atamfa a Tianxiu, ya zama Alhaji. Babu wanda ya san gidan da ya fito, kuma haka yake so.

Malamarmu Madam Lin ta koya mana cewa makaɗan Turai na zamanin Kilasik ba daga sama suka faɗo ba. Na gabansu, 'yan zamanin Barok, sukan ɗauki gajeren sauti mai kauri su yi ta maimaita shi a ƙasa, sauran kiɗa na yawo a kansa. 'Yan baya suka gaji dabarar suka gyara ta. Na ce a raina, ai wannan aikin gidanmu ne. Da aka ba ni damar tsara kiɗa don bikin Olamfik a wani otal a titin Liuhua Lu, sai na sa taken Baba a ƙasa, manyan goge irin na Turawa suna maimaita shi.

Yaya ya ji labari, ya kira ni shago. Ya ce in cire, an gayyaci 'yan kasuwar Kano, kuma ba zai bari in tona masa asiri ba. Asirin me? Da wannan kalangun aka ciyar da shi har ya yi tumbi. Na ce masa ko sama da ƙasa za su haɗe ba zan cire ba.

Ranar bikin, goge na farawa wani dattijo, Alhaji Zailani, ya ɗago kai. Da aka tashi ya zo ya riƙe hannuna, idonsa ya yi ja. Ya ce wannan taken aka kaɗa ranar aurensa, ya tambaye ni ko ɗan Tankari ne ni. Na ce ƙwarai, ga ma babban ɗansa nan.

Dattijon ya juya wajen Yaya yana murmushi. "Alhaji, ashe kai ma jinin Tankari ne?"

Yaya ya gyara zaman hularsa, bai ko dube ni ba.

"A'a Baba, yaron dai ɗan unguwarmu ne."