Gadin Tafki

Da ƙungiyar masunta ta rufe tafki na tsawon damina guda don kifi ya hayayyafa, sai ta ce za ta ɗauki mutum ɗaya aikin gadi. Kowa ya zaci Gwani za a ba, don shi da ruwa tun yarinta suka san juna. Sai aka ba ƙanensa Auta, wanda har gobe in jirgi ya yi tangal-tangal sai ya rungumi gefe.

Gwani ya tashi daga taron ƙungiyar kamar ba komai. Amma kullum da safe, yana zaune a ƙofar gida yana ɗinkin komar da ba ranar jefa ta, sai Auta ya biyo cikin shuɗiyar rigar aiki mai aljihu biyu, ya durƙusa ya gaishe shi. Gaisuwar nan ta fi komai ci masa rai.

"Kin ga takalminsa?" ya ce da matarsa.

"Na gani. Ba fatarka aka jeme aka yi masa ba."

"Ni fa na koya masa tuƙi!"

"Ɗan'uwanka ka koya wa. Ina asarar?"

Ran nan da hantsi ya ɗauki koma mai ƙananan idanu, wadda aka hana tun tuni, ya tura jirginsa ido na ganin ido. So yake ya ga iyakar yaron. Ya jefa, ya jawo. 'Yan tarwaɗa ne kamar yatsu, sai karfasa ɗaya, cikinta fal ƙwai. A zamanin babansu jifa ɗaya kan cika kwando.

Yana cikin kallonsu ya ji kukan inji. Auta ne a jirgin ƙungiya.

"Yaya, don girman Allah."

"Kama ni mana. Ba aikinka ba ne?"

Auta ya sunkuyar da kai. "Ni ban roƙa ba, Yaya. Cewa suka yi ƙwararre ba zai ga kifi ya kau da kai ba. Ni kuwa ban iya kamun kifi ba, shi ya sa."

Gwani ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. Ashe gwanintarsa ce ta kayar da shi, kuma yau da hannunsa ya gaskata su. Ya zazzage kifin cikin ruwa, ya dunƙule komar ya cilla wa ƙanen.

"Kawo igiya in ja ka bakin gaɓa," in ji Auta.

"Ja kanka."

Auta ya juya, jirgin na tsaga ruwa, Gwani na bin sa da kallon ƙyashi. Sai ya lura yaron ya nufi inda ciyawa ke sarƙe inji. Ya bar shi ya matsa, ya ƙara matsawa. Can ya miƙe tsaye.

"Dama, sakarai! Yi dama!"